CD4, Alamar Masu Tsaron Jikinka

Maigida, ka sani a cikin jininka akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Aikinsu tsaron jiki. Iri-iri ne, amma a cikinsu akwai waɗanda ba su kai sara da kansu, sai dai su yi yekuwa, su tara mayaƙa, su nuna musu abokin gaba. Kowane mai yekuwa yana da wani ɗan tsiro na furotin a jikinsa, likitoci suna kiransa CD4.

Ga amfaninsa. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, sai wata farar ƙwaya mai sintiri ta cafke ta, ta farfasa, ta ɗauko guntu ta nuna. To, da CD4 ɗin nan ne mai yekuwa yake riƙe mai sintiri gam, har ya duba guntun ya tabbata baƙo ne. Sa'an nan ya ba da umurni a fita yaƙi.

Abin takaici, ƙwayar cutar ƙanjamau nan take bi. A 1984 masana suka gano CD4 take kamawa ta kutsa cikin mai yekuwa, ta hayayyafa, ta kashe shi. In masu yekuwa suka ƙare, ko ƙaramar cuta sai ta kayar da mutum. Daga nan sai tarin fuka, da gudawa mai daɗewa, da fararen ƙuraje a baki.

Shi ya sa ake ɗibar jini a asibiti a ƙidaya su. A ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500. In suka kasa 200, akwai hatsari babba. Ba a kuwa ganewa da ido. Mutum yakan yi shekaru yana nomansa garau, alhali suna raguwa.

A da, sai adadin ya faɗi ake fara ba da magani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da cutar a fara ba shi, kada a jira. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ba ya raba mutum da cutar, amma yana hana ta hayayyafa, masu yekuwa su sake yawa. Wanda ya ji sauƙi ya daina sha, sai su koma raguwa.

Ka je a auna ka, kai da uwargida, musamman in tana da ciki, don maganin yana kare jariri.