Gargaɗi: Daga Ihu Zuwa Harsashi a Jami'o'in Amurka

Wata cuta ta shiga jami'o'in Amurka, kuma tana yaɗuwa. Sunanta toshe baki.

A gayyato mutum ya yi lacca. Ɗalibai su cika zaure. Yana buɗe baki a rufe shi da ihu har sai ya sauka. Ba a ji abin da ya zo da shi ba. Ba a yi masa tambaya ko ɗaya ba. A watse ana tafi, wai an ci nasara.

Ya zama wajibi mu yi magana. 'Ya'yanmu suna karatu a can. Waɗanda ba su je ba suna kallon bidiyon a wayoyinsu, a Zariya da Kano da Yamai, suna ɗaukar darasi. Duk wanda ya ga wannan ya yi gum, da hannunsa a ciki.

Ranar 2 ga Maris, 2017, aka gayyaci Charles Murray kwalejin Middlebury da ke jihar Vermont. Shi ne ɗaya daga cikin mutum biyu da suka rubuta littafin The Bell Curve a 1994, littafin da ya ta da ƙura saboda yadda ya danganta kaifin basira da launin fata. Ni baƙar fata ne. Da ni littafin yake, da kai mai karatu. Kada wani ya ce min ina kare mutumin.

Amma dubi abin da aka yi. Yana hawa dandamali ɗalibai suka miƙe, suka juya masa baya, suka dinga ihu suna buga ƙafa. Aka janye shi zuwa wani ɗaki tare da wata malama, Farfesa Allison Stanger, don a yi hirar ta kyamara. Sai aka dinga kunna ƙararrawar gobara. Da suka fito za su shiga mota, taro ya yi musu ƙawanya. Wani ya finciki gashin malamar, wuyanta ya murɗe. Aka jijjiga motar suna ciki. Ta ƙare a asibiti, aka ɗaura mata abin tallafe wuya, daga baya aka gano buguwar ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Wace ce Stanger? Ba ta tare da Murray. Tambayoyi masu zafi ta shirya, don ta ƙure shi a gaban jama'a. Ita aka raunata. Shi kuwa ya koma gida lafiya, sunansa ya cika jaridu, an mayar da shi abin tausayi. An bar jaki an daki taiki.

Wata ɗaya kafin nan, ranar 1 ga Fabrairu, wuta ce ta tashi a Jami'ar Berkeley ta jihar Kaliforniya. Wasu masu rufe fuska suka farfasa gilasai, suka cinna wuta, don kada baƙon da aka gayyato, Milo Yiannopoulos, ya yi magana. Ɓarnar ta kai kimanin dala 100,000. Aka soke taron. A watan Satumba na shekarar, sai da jami'ar ta kashe kusan dala 600,000 a kan tsaro kafin wani baƙon, Ben Shapiro, ya iya yin jawabi na dare ɗaya.

Abin takaicin, a wannan Berkeley ɗin ce aka kama ɗalibai kusan 800 a watan Disamba na 1964, suna zaman dirshan don a ba su 'yancin faɗin albarkacin baki. Kakanni sun kwana a hannun 'yan sanda don a buɗe baki. Jikoki suna fasa gilashi don a rufe shi.

Ya zama wajibi mu riƙe kalmar nan da aka soke taron Berkeley da ita: tsaro. Masu ihu ne suka koya wa hukumomin jami'a ita. Sun nuna musu cewa in aka yi barazana sosai, za a soke magana. Hukumomi suka haddace darasin. Kuma wannan makami ba shi da ubangida. Wanda ya fi ƙarfi shi yake ɗaukarsa.

Wa ya fi rauni a jami'ar Amurka? Baƙo. Musulmi. Baƙar fata. Mai biza a fasfo. Wato mu.

A watan Fabrairu na 2010, ɗalibai Musulmi 11 suka dinga katse jakadan Isra'ila, Michael Oren, a Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine. Ɗaya ya miƙe ya yi ihu, a fitar da shi, wani ya miƙe. Zafin abin da aka yi wa Gaza ne a zuciyarsu, kuma ba na raina wannan zafi. To amma me ya biyo baya? Jakadan ya ƙarasa jawabinsa. Aka dakatar da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar. A 2011 kotu ta samu 10 daga cikinsu da laifi. Wasu sun yi irin wannan ihu a wasu wurare sun kwana a gidajensu. Su kuwa sai gaban alƙali.

A watan Afrilu na 2024, Jami'ar Kudancin Kaliforniya ta zaɓi wata ɗaliba Musulma ta yi jawabin bikin yaye ɗalibai. Aka yi mata caa saboda goyon bayan Falasɗinawa. Jami'a ta soke jawabin. Dalili? Tsaro. Kalmar nan dai ta Berkeley. Yarinyar ba ta furta ko harafi ɗaya ba tukuna.

A ranar 25 ga Maris, 2025, cikin watan azumi, wata ɗalibar Jami'ar Tufts 'yar Turkiyya tana tafiya zuwa buɗa-baki, sai jami'an gwamnati cikin farin kaya, wasu da fuska a rufe, suka tare ta a bakin titi, suka sa mata ankwa. Ta yi kusan mako shida a tsare a jihar Louisiana. Abin da aka iya nunawa a kanta shi ne wani sharhi da ta sa hannu a jaridar ɗalibai.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1988 gwamnatin soja ta Babangida ta kwashi Patrick Wilmot, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da shi daga ƙasar saboda bakinsa. Mun san yadda hukuma take yi idan ta ga ana yarda a rufe bakin mutum.

In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Sai kuma ranar 10 ga Satumba, 2025. Charlie Kirk, ɗan shekara 31, yana zaune ƙarƙashin rumfa a Jami'ar Utah Valley, gaban mutum kusan 3,000, yana amsa tambayar wani ɗalibi. Harsashi ɗaya ya fito daga saman wani gini ya same shi a wuya. Ya mutu. Kirk ya sha faɗin munanan kalamai a kan Musulunci, ban manta ba, ba kuma zan wanke shi ba. Amma an kashe shi yana tsakiyar muhawara, a gaban matasa, makirufo a hannunsa.

Ban ce mai ihu da mai bindiga ɗaya ba ne. Na ce hanyarsu ɗaya. Dukansu sun yarda cewa maganin maganar da ba ka so shi ne a tsayar da bakin mai ita. Ɗaya ya tsaya a ihu. Ɗaya ya ƙarasa.

Me kisan ya haifar? An kori malamai da ma'aikata daga aiki saboda abin da suka rubuta a kansa a intanet. Gwamnatin Amurka ta soke bizar wasu baƙi a kan wannan dalili. Ƙungiyar da Kirk ya jagoranta ta ƙara cika. Bakuna suka ƙara rufuwa ta kowane gefe. Abin da ke tafe ya fi wannan muni: jami'ar da malami yake tsoron ɗalibinsa, ɗalibi yake tsoron wayar abokinsa, kowa ya fita da digiri bai taɓa kare ra'ayinsa a gaban mai adawa ba. Irin wannan ɗalibi, ranar da ya haɗu da maƙaryaci mai iya baki, a tashin farko za a kayar da shi.

Ya zama wajibi mu raba zanga-zanga da toshe baki. Zanga-zanga haƙƙi ce. Ka ɗaga kwali a ƙofar zaure. Ka raba takarda. Ka tashi ka fita in ranka ya ɓaci. Ka shirya naka taron a zauren da ke kusa, ka kawo wanda ya fi shi ilimi. Duk wannan halal ne. Amma wanda ya zo ya ji, ba ka da ikon toshe masa kunne.

An taɓa yin abin yadda ya dace. A watan Satumba na 2007, Jami'ar Columbia ta gayyaci shugaban Iran, Mahmoud Ahmadinejad. Masu zanga-zanga suka cika waje. A ciki, shugaban jami'ar, Lee Bollinger, ya caccake shi ido da ido, har wasu suka ce ya wuce gona da iri ga baƙon da ya gayyato. Ahmadinejad ya mayar da martani, ya sha tambayoyi, aka yi masa tafi a wani wuri, aka yi masa dariya a wani. Kowa ya ji da kunnensa ya yanke hukunci. Ba a fasa kan kowa ba.

Ya zama wajibi iyaye su ja kunnen 'ya'yansu kafin su hau jirgi. Ya zama wajibi malamai su daina ɓuya a ofis ranar da zaure ya ɗauki zafi. Ya zama wajibi shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai su koya wa yaransu muƙabala kafin su koya musu take. Ya zama wajibi hukumar jami'a ta tsare mai magana ko da ta ƙi jininsa, ta tsare mai zanga-zangar lumana ko da ya dame ta, da mudu ɗaya.

Kai kuma ɗalibi, ranar da ka ji an gayyato wanda ka tsana, ka karanta abin da ya rubuta tun da dare. Ka riga kowa zuwa zauren. Ka zauna a sahun gaba da biro da takarda. Ka bar shi ya gama. Sannan ka ɗaga hannu.