Jirgi: Daga Mashigin Kogi Zuwa Sararin Sama

Malaman lugga sun daɗe da lura cewa kalma ba ta zama inda aka haife ta, domin idan mutane suka ga sabon abu wanda ba su da sunansa, ba safai suke ƙago lafazi ba, sai su ari na wani tsohon abu da ya yi kama da shi a siffa ko a aiki, abin da ma'abota balaga ke kira isti'ara. Turawan Ingila, alal misali, sunan da suka ba manyan jiragen yaƙinsu na katako masu hawa uku na igwa, irin Victory da ya yi yaƙin Tarafalga a 1805, shi aka ɗora wa burodi mai hawa uku da nama a tsakani.

Mu kuwa tamu hujjar tana bakin kogi. A ƙasar Kirikasamma, inda ruwan Kogin Haɗejiya ke malala cikin fadamu kowace damina har hanyoyi su yanke, idan masunci ya ce zai shiga jirgi, ba wanda zai tambaye shi wane iri, saboda abin da kakanninsa suka sassaƙa daga gungumen itace, suka tura da gora, suka yi fito da shi, shi ne jirgi na asali, kuma da sunansa malamanmu suke fassara safinar Annabi Nuhu, alaihis salamu, a wajen tafsiri. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kuma miƙe ta Malam Madori har Nguru a 1930, jama'a suka ga abin da ke ɗibar mutane da gyaɗa ya ƙetare da su nisan duniya, sai suka ce jirgin ƙasa. Da jiragen sojan Ingila suka sauka Kano a 1925, aka ce jirgin sama. Siffa ba ta haɗa su ba, aiki ne ya haɗa su.

Abin takaicin shi ne, baƙin sun ƙwace gidan: a birni yau, in aka ce jirgi ya tashi, hankali sama yake tafiya, mai asalin sunan kuwa sai an ce kwalekwale. A fadama ma, tun da madatsun Tiga da Challawa suka canza tafiyar ruwa, ciyawar kacalla ta toshe magudanai da yawa, har akwai inda jirgi ba ya iya ratsawa sai an sare ta.