Wa zai fito a mace? Ƴan mata da wasan kwaikwayo a makarantar kwana

Masu karatu, duk wanda ya yi zaman makarantar kwana, wadda ƴan lakwal ke kira antarna, ya san babu ranar da ake ɗoki kamar ranar wasan ƙarshen shekara. A jera teburan ɗakin cin abinci su zama dakali, a rataya barguna su zama labule, a aika wa manyan gari takardar gayyata. Amma kafin a kai ga wannan rana, akwai tambaya guda da ta daɗe tana ta da gardama a ɗakunan kwana: wa zai fito a mace?

Tambayar tana da tarihi, kuma tarihin ya faro nesa da mu, a ƙasar Senegal. A shekara ta 1903 Faransawa suka buɗe makarantar horon malamai a Sanlui, domin dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. A 1913 aka mai da ita tsibirin Gore, kusa da Dakar, daga baya aka sa mata sunan gwamna Wiliyam Ponti. Can Bubu Hama ya yi karatu, can Diori Hamani da Jibo Bakari suka yi nasu. Makarantar kwana ce, kuma ta maza zalla.

A 1933 ɗaliban Dahome, wato Benin ta yau, suka nuna wasa a kan ganawar sarki Behanzin da wakilin Faransa. Da wani malami mai suna Sharl Beyar ya zo makarantar a 1935, sai abin ya yi ƙarfi. Ga yadda ake yi: lokacin babban hutu kowane ɗalibi ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi labarin sarauta, da aure, da bukukuwa, ya rubuta. In an dawo, ƴan kowace ƙasa su haɗu su shirya wasansu, magana da Faransanci, waƙa da rawa kuwa da harshen gida. Bernar Dadiye na Kodibuwa, wanda ya zama babban marubuci, nan ya rubuta ɗaya daga cikin wasanninsa na farko. A 1937 har birnin Paris aka kai ɗaliban, suka yi wasa lokacin babban baje kolin duniya.

Cikin abin da suka nuna a Paris akwai wasan Sokame. Labarin wata budurwa ce da za a miƙa wa maciji domin a samu ruwa, sai saurayinta ya kashe macijin. Bahaushe in ya ji wannan, sai ya tuna da rijiyar Kusugu ta Daura. To, abin lura shi ne, budurwa ce wasan ya ɗauki sunanta, amma babu budurwa ko ɗaya cikin ɗaliban makarantar. Haka nan sauran wasanninsu masu yawa da suka shafi neman aure da sadaki. Saurayi ne zai ɗaura zane, ya ɗaura kallabi, ya siranta murya, ƴan kallo su yi ta dariya tun bai buɗe baki ba.

Ba na zargin waɗannan samari. Da abin da ke hannu ake aiki. Sai dai yaron da ya bar gida yana ƙarami, ya girma tsakanin maza, me ya sani na zancen da mata ke yi a bakin turmi? A ganina macen da irin wannan yaro ke iya kwaikwaya iri biyu ce: ko mai shiru da ake yanke wa hukunci tana kuka, ko mai masifa da ake yi wa dariya. Mace mai tunani, wadda ke auna magana ta faɗe ta a wurin da ya dace, da wuya ta fito daga bakinsa.

Sai a 1938, bayan shekara 35, aka buɗe wa ƴan mata tasu makarantar horon malamai, a garin Rufisk. A lokacin an riga an mai da ta maza Sebikotan, tazarar kimanin kilomita 20. Wata Bafaransa, Jermen Le Gof, ita ta fara shugabancinta. Nufin Turawa a fili yake: a samu malamai mata, a kuma samu matan aure da suka dace da ma'aikatan da Ponti ke yayewa. Amma ƴan matan sun wuce inda aka auna musu. Mariyama Ba ta zauna can daga 1943 zuwa 1947, ita ce ta rubuta littafin nan Une si longue lettre a 1979, inda mace ke ba da labarin aure da kishiya da takaba da bakinta. Jan Martan Sise ta Gine, ita ma ƴar Rufisk, ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1972. Waɗannan su ne waɗanda samari ke ara wa murya a kan dakali.

Malaman da aka horar suka dawo ƙasashensu da al'adar wasan ƙarshen shekara, har ta bazu a makarantun Nijar. A nan gida kuwa wasan ya sauya harshe. Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, da abokansa na Damagaram, suka yi ta wasa da Hausa, aka ji su a rediyo, aka gan su a talabijin. Bayan 1974, ƙungiyoyin Samariya suka kai wasan kwaikwayo unguwa-unguwa, mata suka shiga ciki.

Amma shigar ba kyauta ba ce. Ku dubi Zalika Sule, wadda ta fito a fim ɗin Mustafa Alasan a 1966, ta kuma fito a Wazzou polygame na Umaru Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar Wagadugu a 1972. An sha ba ta matsayin muguwar mace ko mai yawon banza, mutane kuwa suka kasa raba ta da abin da ta kwaikwaya, suka bi ta da zagi. Rahmatu Kaita ta yi fim a kan rayuwarta a 2004. Ta rasu a 2021. Namiji ya fito a ɓarawo, a tafa masa, gobe a gaishe shi a kasuwa. Mace ta fito a bazawara, sunan ya bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. Wannan tsoro ne ke zuciyar iyaye, kuma ba tsoron banza ba ne.

Na ga haka da idona a makarantarmu ta horon malamai. Maza da mata muke aji ɗaya, amma da muka shirya wasa a kan auren dole, muka yi mako uku babu wadda ta yarda ta fito a matar da ta gudo daga gidan miji. Har mun sa wani abokinmu ya fara gwada zane. Dattijuwar da ke kula da ɗakin kwanan ƴan mata, wadda kowa ke kira Inna, ita ta warware mana. Ta zo wurin gwaji ta zauna, ta saurara, sa'an nan ta ce wa malaminmu: "Mushe, wannan magana wa ya rubuta ta? Babu ɗiyar kirki da za ta yi wa uwar mijinta magana haka." Mu muka rubuta, mu huɗu, dukanmu maza. Washegari wata ɗaliba ta ce za ta yi, bisa sharaɗi biyu: a bar ta ta sake kalmomin, kuma Inna ta zauna a layin gaba ranar wasa. Abin da ta mayar a wurin ihun da muka rubuta mata gajeriyar magana ce cikin ladabi, kanta a sunkuye. Ranar wasa, da ta faɗe ta, wurin ya yi tsit, babu wanda ya yi dariya.

Tun daga ranar nake lura da matan da ba a sa sunansu a takardar gayyata. Masu dafa abinci su ke ba da aron turmi da ƙwarya da tukunya. Su ke gyara waƙar kai amarya in ƴan lakwal sun karkatar da ita. Mai kula da ɗakin kwana ita ke tsayawa har dare ta raka ƴan mata daga wurin gwaji, kuma amincin da iyaye suka yi da ita shi ke sa uba ya ce "na yarda". Inda babu irin wannan mace, ƴan mata ba sa hawa dakali, ko da dokar makaranta ta ba su izini.

Abin da ya sa na tono wannan zance shi ne, daga 2021 an shiga gina gidajen kwana na ƴan mata ƴan kolej, kuma na Kelle, a jahar Damagaram, yana cikin na farko. Dalili sananne ne: yarinyar ƙauye da ta ci jarrabawa, in ba ta da amintaccen masauki a gari, karatunta ya ƙare, aure ya biyo baya. Ma'aikatan da ke da alhakin waɗannan gidaje suna ƙirga gadaje da buhunan shinkafa, kuma dole ne su ƙirga. Roƙona su ƙara abu guda cikin lissafi: yamma ɗaya a mako domin wasan kwaikwayo, a hannun malama mace, da Hausa ko Zabarmanci ko duk harshen da iyaye ke ji, ƴan matan su shirya labarin da kansu. Ba ya cin kuɗi. Tebur da bargo suna nan. Ranar wasa kuwa a aika mota ƙauyuka ta ɗauko uwaye, a zaunar da su a layin gaba, kafin kujerun manyan gari.