Takardar Jinsiyya: Wa Aka Tambaya Kafin a Shimfiɗa Sharuɗɗanta?

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, duk wanda ya ratsa Suk al-Arabi, babbar kasuwar tsakiyar Khartum, zai lura cewa bayan zinariya da wayoyin hannu da kuɗin canji, akwai wata hajar da ba ta kwantai, wato takarda. Masu kwafe takardu, masu ɗaukar hoton fasfo, ofisoshin tafiya Umara, duk suna cin abinci ne daga abin da hukuma ta ce sai an kawo. A bakin kotuna da ma'aikatu kuma ga ardahalji zaune da ɗan teburinsa, yana rubuta wa wanda bai iya ba koke da Larabcin ofis, a manna damga, wato kan sarki, a biya kuɗi, a karɓi rasit ɗin gwamnati da ake kira Urnik 15.

A cikin masu kai da kawo da ambulan a hammata akwai Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da malamai da manoma. Takardar da ta fi ba su wahala a tarihi ita ce jinsiyya, shaidar zama ɗan ƙasa. Mutum yakan sha layi, ya nemo shaidu, ya jero sunayen kakanni, amma da wuya ya tsaya ya tambayi wanda ya tsara waɗannan sharuɗɗa, da ɗakin da aka zauna aka tsara su, da ko an ji ta bakin waɗanda abin zai shafa. Amsar tana cikin shekarun 1940.

A watan Afrilu 1942, Ƙungiyar 'Yan Boko ta Sudan, wadda aka kafa a 1938 kuma cibiyarta ke Omdurman, ta aika wa gwamnatin mulkin mallaka takardar buƙatu 12 ɗauke da sa hannun shugabanta Ibrahim Ahmad. Ta farko ita ce 'yancin zaɓa wa kai makoma bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin sauran akwai biyu da suka taɓa mutanen Afirka ta Yamma irin su Hausawa kai tsaye: a yi dokar da za ta fayyace ko wane ne ɗan Sudan, a kuma taƙaita shigowar baƙi. Babban Sakataren Mulki, Douglas Newbold, ya mayar musu da takardarsu, ya nuna musu cewa sun wuce gona da iri, domin a ganin gwamnati ba su da hurumin magana da yawun jama'a.

Amma ƙorafin bai faɗi ƙasa banza ba. A 1943 aka yi dokar kafa Majalisar Ba da Shawara ta Arewacin Sudan, ta fara zama a watan Mayu 1944 ƙarƙashin Gwamna-Janar Hubert Huddleston. Kujerunta 28 ne: 18 daga lardunan arewa shida, uku uku, biyu daga ƙungiyar 'yan kasuwa, takwas kuma gwamna ne ke naɗa su. Aka ba manyan shugabannin addini, Sayyid Ali al-Mirghani da Sayyid Abdurrahman al-Mahdi, matsayin wakilan girmamawa. Kudancin Sudan gaba ɗaya ba shi da kujera. Haka nan ba a ware ko ɗaya ga dubban leburorin da ke tsintar auduga a gonakin Jazira ba, ko ga mahajjatan da hanya ta zaunar. Ajanda tana hannun gwamnati, shawarar da aka bayar kuma in an ga dama a ɗauka. Ƙungiyar 'Yan Boko ta ƙaurace wa majalisar, tana ganin ado ce kawai.

Batun zama ɗan ƙasa na cikin abubuwan da majalisar ta tattauna. A 1948, shekarar da Majalisar Dokoki ta maye gurbinta, aka fitar da dokar da ta fayyace ɗan Sudan: shi ne wanda ba shi da wata ƙasa, kuma shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897, wato kafin sojojin Ingila da Masar su karya daular Mahadi a Karari a watan Satumba 1898.

Wannan rana guda ta raba jama'a gida biyu. An yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama yana kan hanyar hijira, a watan Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas, suka sauka a Shaikh Talha a bakin Shuɗin Nilu wajajen 1906, daga nan aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin auduga na Jazira ya jawo wasu dubbai, kuma gwamnatin ce da kanta ke maraba da ƙarfinsu. Duk waɗannan sun iso bayan 1897. Mutumin da aka haifa a Mai Wurno, ya yi karatun allo a can, ya binne mahaifinsa a can, sai ya wayi gari doka ta ce shi baƙo ne. Waɗanda kakanninsu suka zo tun kafin Mahadi ma ba su tsira ba, domin da wace takarda manomi zai tabbatar da inda kakansa yake shekara hamsin da suka wuce? Sunan Fallata ko Takari, da ake kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi, kawai ya isa a ce masa ya ƙaro hujja.

Bayan samun 'yancin kai, dokar 1957 ta riƙe ranar 31 ga Disamba 1897. Daga baya aka matsar da ita zuwa 1 ga Janairu 1924, sannan dokar 1994 ta kawo ta 1 ga Janairu 1956, ranar 'yancin kai. Sai a 2005 aka buɗe wa 'ya'yan mace 'yar Sudan hanyar neman jinsiyya ta wajen uwa. A 2011 kuma, da Kudu ta ɓalle, aka gyara doka ta yadda duk wanda ake ganin ya zama ɗan Sudan ta Kudu zai rasa jinsiyyarsa, ko da a Omdurman aka yanke masa cibiya. A shekarar ce aka yi dokar rajistar jama'a da ta kawo lambar ɗan ƙasa, raƙam waɗani, wadda 'yan sanda ke bayarwa ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Kowane gyara daga sama yake saukowa, jama'a kuma su ji labarinsa a tagar ofis, bayan an riga an buga fom.

Inda aka toshe hanyar magana kafin a yanke hukunci, maganar takan fito a titi. A watan Oktoba 2008 wata jaridar Khartum ta danganta wa Shugaba Umar al-Bashir furucin da ke kore wa Hausawa zama 'yan Sudan. Gwamnati ta musanta, amma kafin ƙura ta lafa an yi zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas. A watan Yuli 2022, neman da Hausawan Shuɗin Nilu suka yi na sarautar da hukuma ta yarda da ita, wadda ke ba al'umma wurin zama inda ake shawara kan ƙasar noma da makamantanta, ya rikiɗe ya zama faɗan da ya ci rayuka sama da 100, aka sake wani mafi muni a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Hausawa sun fito tituna a Khartum da Kassala bayan faɗan na watan Yuli.

Sudan tana da misalin sharaɗin takarda da ƙorafi ya lanƙwasa. Urnik 8 fom ne na 'yan sanda da likita ke cikawa idan an kawo wanda aka ji wa rauni. Da yake asibitoci sun saba neman fom ɗin kafin su taɓa majiyyaci, matan da aka yi wa fyaɗe a Darfur sai suka riƙa zama a gida da ciwonsu don gudun ofishin 'yan sanda. Likitoci da ƙungiyoyin agaji da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi ta magana, har Ma'aikatar Shari'a ta fitar da umarni a 2004 da 2005 cewa a yi magani ko babu fom. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: abin da ma'aikaciyar jinya ta sani tun ranar farko, sai da mata da yawa suka cutu kafin ya kai kunnen masu doka.

Wasu ƙasashe sun mayar da sauraren jama'a wajibi. A Amurka akwai dokar rage yawan takardu da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1980, aka sabunta ta a 1995. Idan wata ma'aikatar tarayya na son karɓar bayanai iri ɗaya daga mutum goma ko fiye, sai ta sanar a mujallar gwamnati, ta ba jama'a kwana 60 su faɗi ra'ayinsu: shin ana bukatar bayanan? Shin lokacin da aka ƙiyasta cika fom ɗin zai ci daidai ne? Akwai hanya mafi sauƙi? Daga nan takardar ta wuce ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa, a sake buɗe kwana 30. In an amince, sai a ba fom ɗin lamba, amincewar kuma ba ta wuce shekara uku. Abin da ya ba dokar haƙora shi ne, fom ɗin da ba shi da wannan lamba, ba a hukunta mutum don ya ƙi cika shi.

Kwamitocin ba da shawara ma suna da tasu dokar tun 1972. Ƙasar na da irin waɗannan kwamitoci kusan 1,000, na likitoci da manoma da malaman kimiyya da sauransu. Dole a sanar da zama kafin ranar, a bar ƙofa buɗe sai in akwai dalilin da doka ta yarda da shi, a karɓi rubutaccen ra'ayin kowa, a ajiye bayanin abin da aka tattauna inda jama'a za su gani. Ana kuma bukatar wakilcin ra'ayoyi mabambanta a cikin kwamiti, kwamitin da ba a sabunta ba bayan shekara biyu kuwa ya mutu. Tsarin yana da nasa rauni: manyan kamfanoni masu lauyoyi sun fi talaka cin moriyarsa, kuma ra'ayi ba ƙuri'a ba ce da za a ƙirga. Duk da haka, ma'aikata ba ta iya cewa ba ta ji ba.

A nan Afirka, Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta soke dokoki biyu a 2006, ɗaya daga cikinsu kan masu maganin gargajiya, saboda majalisa ba ta saurari jama'a yadda ya kamata ba. Labarin Kenya kuwa kamar madubi ne ga Hausawan Sudan. Nubiyawan unguwar Kibera a Nairobi jikokin sojojin da Turawa suka ɗebo daga Sudan ne, kuma sun daɗe suna gurfana gaban kwamitin tantancewa kafin a ba su katin ɗan ƙasa. Da gwamnati ta ɓullo da sabuwar lambar Huduma a 2019, ƙungiyarsu na cikin waɗanda suka garzaya kotu, a watan Janairu 2020 kuma babbar kotu ta ce kada a ci gaba sai an shimfiɗa ƙa'idojin kare bayanan mutane. A Nijeriya, kwamitocin Majalisar Tarayya sukan kira zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudurori, su karɓi takardun ƙungiyoyi.

Yaƙi ya ƙara wa takarda nauyi a Sudan. Suk al-Arabi ta zama fagen fama, shaguna suka ƙone, mutane suka gudu suka bar takardun haihuwa da na filaye da na makaranta a cikin akwati. Aka rufe ofisoshin fasfo na tsawon watanni, har sai da aka buɗe wata sabuwar cibiya a Port Sudan a ƙarshen Agusta 2023. A watan Disamba 2024, da aka canza takardun kuɗi na fam 500 da 1,000, sai aka ce kowa ya zuba tsofaffin a asusun banki, asusu kuwa ba ya buɗuwa sai da shaidar mutum. Wanda ba shi da raƙam waɗani a yau, manhajar Bankak ma, da ake sayen burodi da ita, ta fi ƙarfinsa.

Sojoji sun sake karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris 2025, ma'aikatu kuma suka fara komawa sannu a hankali. Miliyoyin mutane za su nemi madadin takardun da suka salwanta, kuma wani kwamiti ne zai zauna ya yanke abin da za a karɓa a matsayin hujja: shaidu nawa, daga wane dangi, sa hannun wane shaihin unguwa. Tun ran gini ran zane. Sudan ta yi dokar 'yancin samun bayanai tun 2015, kuma duk da yawan abubuwan da ta keɓe, tana ba ɗan ƙasa madogarar tambayar hukuma a rubuce.

Saboda haka aiki ya rage wa ƙungiyoyin Hausawa na Khartum da Omdurman, da sarakunan al'umma, da lauyoyi da malaman jami'a da ke cikinsu. Su nemi a riƙa sanar da duk sabon sharaɗi kafin ya fara aiki, tare da ba da lokacin ƙorafi. Su nemi sanin sunayen 'yan kwamiti da ranar zamansu, su kuma nemi kujera. In za su rubuta, su ambaci sunan fom ɗin da layin da ke cutarwa, su faɗi kwana nawa da fam nawa yake ci wa mai nema, su kawo abin da zai maye gurbinsa, misali karɓar shaidar makaranta ko takardar aure inda ta haihuwa ta ƙone. Su sa hannu, su kai da kansu, a buga musu hatimin karɓa, su ajiye kwafe, su kuma koma bayan wata guda su tambayi inda takardarsu ta kwana.