Tocila Mai Kwai Da Tocilar LED: Wacce Ta Fi Faɗin Gaskiyar Launin Saniya?

'Yan uwa fatake da dillalai, duk mun san rabin aikinmu cikin duhu ake yin sa. Lodi sai dare ya yi, saukewa sai da asuba, ga kwanan jiran takardu a bakin iyaka, ko Birnin Ƙonni ne, ko Maigatari, ko Mubi. A irin waɗannan lokuta tocila ce idon falke. To amma hasken tocila iri-iri ne, kuma wani hasken yakan sa lafiyayyar saniya ta yi kamar marar lafiya, wani kuwa ya rufa wa marar lafiya asiri. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan tattauna a kan wannan batu.

Mu fara da tocilar da muka gada, mai ƙaramin kwai. A cikin kwan akwai siririyar waya ta ƙarfen tangistin. Wutar batir ce ke gasa ta har ta yi haske, kamar ƙarfe a maƙera. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar zafi yake zama, shi ya sa take shan batir. Haskenta ja-ja ne mai ruwan ɗorawa, kuma in batir ya soma sanyi sai ya ƙara rinewa. Amma tana da wani alheri guda: duk launukan da ke cikin haske akwai su a nata, musamman ja.

Ita kuwa LED ba ta gasa komai. Asalin haskenta shuɗi ne, sai a shafa mata wani sinadari da ke juya wani ɓangare nasa zuwa ɗorawa, haɗuwar biyun ta ba da fari. Masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka samar da shuɗiyar LED ɗin, har aka ba su lambar Nobel a 2014. Gwargwadon haɗin sinadarin, gwargwadon launin da za a samu.

Ana auna launin haske da lamba mai harafin K a ƙarshe, kuma sau da yawa tana nan a jikin kwali. Kwan tocila na da yana wajen 2700K zuwa 3000K. LED ɗin da ake kira fari mai ɗumi ita ma nan take. Daga 4000K zuwa 5000K fari ne tsaka-tsaki. Daga 6000K zuwa sama kuwa fari ne mai shuɗi-shuɗi, irin na yawancin tocilan araha da ke cike kasuwanninmu. A lura, ƙaramar lamba ita ce ja-ja, babba ita ce shuɗi-shuɗi.

To tunda LED mai ɗumi da kwai lambarsu ɗaya, ashe haskensu ɗaya ke nan? A bango fari, kusan haka ne. A jikin dabba kuwa, a'a. Akwai lamba ta biyu, CRI, ko IRC in kwalin da Faransanci aka rubuta shi. Ita ke nuna yadda haske ke fito da launin abu na gaskiya, kuma iyakarta 100. Kwai yana kusa da 100. LED ta araha takan tsaya wajen 70, mai kyau ta kai 90 ko fiye. Inda ta araha ta fi gazawa shi ne jan launi mai duhu. Jar saniya irin Rahaji ko Azawak sai ta yi kamar ta sha ƙura, gashinta ya dushe. Busasshen jini a kofato ko miki a jiki sai ya saje da datti.

Ga inda kuɗi ke shiga maganar. Idan muna duba saniya mukan buɗe fatar idonta, mu ɗaga leɓe mu ga dasashi. In wurin ya yi fari fat, alamar ƙarancin jini ke nan, kamar yadda sammore ko tsutsar hanta ke jawowa. In ya yi ɗorawa, shawara ce. Haske mai shuɗi-shuɗi yakan koɗar da launin, ka raina dabba mai ƙoshin lafiya, ka bar riba ta wuce ka. Hasken kwai kuwa yakan ƙara wa wurin ja, kuma da shi da LED mai ɗumi duk suna ɓoye shawara, don ɗorawa ba ta fita a cikin haske mai ruwan ɗorawa. Ko farar Bunaji ma sai ta yi kamar an shafa mata man shanu. Wanda ya saya a haka, sai a tsakiyar hanya zai gane abin da ya ɗauko.

Saboda haka ga shawararmu. Don tsaron garke da zaman dare, LED mai ɗumi ta wadatar, ba ta kashe ido kamar mai shuɗi, kuma batir yana daɗewa. Don duba dabba, a nemi LED tsaka-tsaki, 4000K zuwa 5000K, mai CRI 90. In kwali bai nuna lamba ba, a haska tafin hannu ko jan goro kafin a biya. In jan ya mutu, a ajiye ta. Araha dai ba ta ado.

Wajen lodi kuma, kada a dallare shanu a fuska. Shanu sukan bi wuri mai haske daga mai duhu, amma sukan turje in haske ya soke musu ido ko inuwa ta gitta gabansu. A haska cikin motar, a bar su su hau.

Abu na ƙarshe, duk kyan tocila ba ta kai rana ba. Dabbar da ka yi shakka a kanta da dare, bar ciniki sai gari ya waye, in da hali a kira malamin dabbobi ya gani. Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya.