Yawon Ƙafa a Kwarurukan Ladak: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani

Ladak yanki ne a can ƙuryar arewacin Indiya, tsakanin tsaunukan Himalaya da na Karakoram, yana iyaka da Tibet ta gabas da Kashmir ta yamma. Sai a shekarar 1974 aka fara barin 'yan ƙasashen waje su shige shi yawon buɗe ido, kuma a watan Oktoban 2019 aka raba shi da jihar Jammu da Kashmir, ya koma ƙarƙashin gwamnatin tarayya kai tsaye. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanensa ba su kai 300,000 ba. Hamada ce a kan tsauni. Himalaya ta tare gajimaren damina da ke tasowa daga kudu, saboda haka ruwan saman da babban garin yankin, Leh, ke samu a shekara bai wuce milimita 100 da ɗoriya ba, kwatankwacin abin da Agadas ke samu. Duk wani ƙauye da ke can yana rayuwa ne da ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga ƙwanƙolin tsaunuka, wanda ake jawowa ta siraran magudanai zuwa gonakin sha'ir da alkama.

Mazauna kwarurukan gabashi da tsakiyar yankin mabiya addinin Buddha ne irin na Tibet, kuma gidajen ibadarsu, waɗanda suke kira gompa, su ne rabin abin da ke kai baƙi. Akwai na Hemis, wanda sarakunan gidan Namgyal suka ɗaukaka a ƙarni na 17, inda ake bikin rawar ɓoye fuska a watan Yuni ko Yuli. Akwai na Tiksey mai hawa-hawa a jikin tudu, da na Alchi mai zane-zanen bango da suka haura shekara 700. Ɗaya rabin shi ne tafiyar kanta, daga ƙauye zuwa ƙauye a ƙafa, kwana da kwanaki.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta kwarin Marka, cikin gandun dajin Hemis, wadda ke cin kwana shida zuwa takwas. Ana bi ta ƙauyukan Skiu da Marka da Hankar, a hau makiyayar Nimaling, a tsallake mashigar Kongmaru La mai tsayin fiye da mita 5,200, sannan a gangaro. Wanda ke son abin da ya fi haka nisa sai ya nufi Zanskar, can kudu, wadda hedikwatarta Padum take da nisan fiye da kilomita 200 daga garin Kargil. A can ne gompar Fugtal take, an gina ta a bakin kogo a jikin wani dutse mai tsayi, kogi na gudu a ƙarƙashinta. Lokacin wannan yawo daga Yuni ne zuwa Satumba. Bayan haka dusar ƙanƙara kan toshe mashigai, manyan hanyoyin mota biyu da ke shiga yankin, ta Srinagar da ta Manali, su rufe har sai bazara.

A kwarin Marka ba sai matafiyi ya ɗauki tanti ba. Mutanen ƙauyukan suna saukar baƙi a gidajensu bisa karɓa-karɓa, yau gidan wane, gobe gidan wane, don kowa ya samu. Gidajen na bulon ƙasa ne, rufinsu shimfiɗe, an jibge ciyawar dabbobi a gefen rufin saboda hunturu. Ɗakin girki shi ne zauren gida: murhun ƙarfe a tsakiya, tukwanen tagulla jere a bango, ƙananan tebura da shimfiɗu a ƙasa. Nan za a ba baƙo shayi mai gishiri da man shanu, da garin sha'ir soyayye da ake damawa a cikinsa, da gurasa, da romon kayan lambu mai curin fulawa. Kuɗin kwana ya haɗa da abincin dare da karin kumallo da ƙunshin abincin rana. Tsari ne mai kyau, domin kuɗin na shiga hannun masu gida ne, akasarinsu mata, ba aljihun dillalin birni ba.

Abin da kamfanonin yawon buɗe ido ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne tsayin wurin, alhali shi ne ke kashe mutane. Garin Leh yana kan tsayin mita 3,500 daga teku. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos wajen 1,200 ce, kuma dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Wato garin Leh kansa ya ɗara ƙololuwar Najeriya da fiye da mita 1,000. A wannan tsayi, iskar oksijin da mutum ke shaƙa a kowane numfashi kusan kashi biyu cikin uku ne na abin da ya saba samu a bakin teku. A kan Kongmaru La kuwa ta kusa komawa rabi. Jirgi daga Delhi na kai mutum cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, jiki kuma yana buƙatar kwanaki kafin ya saba.

Ciwon tsauni kan fara ne awa 6 zuwa 12 bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, jiri, rashin barci da rashin sha'awar abinci. Wanda ya taso a ƙasar zazzaɓin cizon sauro zai iya ɗauka shi ne, ya sha magani ya ci gaba da hawa, kuma nan ne haɗarin yake. Idan aka matsa, ciwon na iya rikiɗewa zuwa ɗayan abu biyu. Na farko ruwa ya taru a huhu: mutum yana haki ko yana zaune, yana tari, daga baya ya fara tofar da kumfa mai jaja-jaja, leɓunansa su canza launi. Na biyu ƙwaƙwalwa ta kumbura: magana ta rikice, tafiya ta koma tangaɗi irin na mashayi, barci mai nauyi ya biyo baya. Jagororin da suka san aikinsu suna da gwaji mai sauƙi. Sai su ja layi a ƙasa, su ce mutum ya bi shi yana ɗora diddige a gaban yatsun ɗaya ƙafar. In ya kasa, ba a jiran gari ya waye. A sauko da shi ko da dare ne, ko a bayan doki, kuma ba shi kaɗai ba. Saukar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi sosai, kuma babu ƙwayar da ke maye gurbinta.

Ƙa'idojin kariya ba su da yawa. Hukumomin Leh suna umartar duk wanda ya iso ya huta awa 48 kafin ya nufi wuraren da suka fi tsayi. Da zarar an haura mita 3,000, likitocin tsauni suna shawartar kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Da wannan ma'auni ya kamata a auna jadawalin da kamfani ya bayar. Misali, Hankar tana wajen mita 4,000, Nimaling kuma ta haura 4,700. Jadawalin da ya haɗe su a yini ɗaya don rage kwana ya karya ƙa'ida, ko da farashinsa ya fi sauƙi. Akwai maganin da ke taimaka wa jiki sabawa, asetazolamid, wanda aka fi sani da Diamox, amma likita ne zai rubuta shi, kuma yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu. Ƙwayar barci da barasa suna rage numfashi da dare, don haka a nisance su. Ƙarfin jiki ba kariya ba ne. Matasa majiya ƙarfi ma sun fi faɗawa, domin su ne ke sauri, su ne kuma ke ɓoye ciwo don kada a ce sun gaza.

Akwai wani gargaɗi da ya fi shafar mutanen Afirka ta Yamma, wanda kamfanonin da suka saba da Turawa ba za su tuna su tambaya ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rabin ƙwayar sikila, wato jinin AS. A gida mai irin wannan jini lafiyarsa lau, amma a inda oksijin ya yi ƙaranci ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har kafaɗa, tare da amai, kuma ƙishirwa da wahalar hawa suna ƙara tsananta shi. Ba kowane mai AS yake samu ba, amma ya wajaba ya san jininsa, ya ga likita kafin ya biya kuɗin tafiya, ya kuma sanar da jagoransa. Mai SS ko SC kuwa, wannan yawo ba nasa ba ne. Haka masu ciwon zuciya ko na huhu, da mata masu ciki, su ma sai da shawarar likita.

Sauran haɗurran sun fi fitowa fili. Rafukan da ake tsallakawa na ruwan ƙanƙara ne: da safe suna iya idon sawu, da la'asar bayan rana ta narkar da ƙanƙara su kai ƙugu, don haka da sassafe ake ƙetare su, da takalmi a ƙafa, an kwance igiyar jakar baya. Rana na ƙona fata, har baƙar fata, hasken dusar ƙanƙara kuma na iya makantar da ido na kwana ɗaya ko biyu in babu baƙin tabarau. Ƙarancin ruwan sama ma na yaudara: a daren 6 ga Agustan 2010 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Leh da kewaye, ambaliyar laka ta hallaka fiye da mutum 200, har da matafiya 'yan ƙasashen waje. Kada a kafa tanti a busasshen kwazazzabo. Karnukan da ke yawo ba masu su kan yi cizo, Indiya kuma na fama da cutar haukan kare. Tafiyar hunturu a kan daskararren kogin Zanskar, wadda ake kira Chadar, a watannin Janairu da Fabrairu cikin sanyin da ke kai digiri 25 ƙasa da sifiri, ba ta ɗan koyo ba ce.

Duk waɗannan suna ƙara nauyi ne saboda nisan taimako. Babban asibitin yankin yana Leh, kuma daga tsakiyar kwari yana iya zama tafiyar kwana biyu kafin a kai titi. Ɗauko majiyyaci da jirgi mai saukar ungulu yana ɗaukar lokaci. Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta biyan abin da ya faru a sama da wani tsayi, saboda haka a karanta takardar a tabbatar ta kai mita 5,500. Sabis ɗin waya babu shi a yawancin kwarurukan, layin Indiya na kati da aka saya a wata jiha ma ba ya aiki a Ladak. Kada wannan ya sa mutum ya shigo da wayar tauraron ɗan Adam irin su Thuraya ko Iridium: haramun ce a Indiya ba tare da izini ba, an kuma sha kama matafiya a filayen jirgi saboda ita.

Yankin na kan iyakoki biyu masu zafi. An yi yaƙin Kargil da Pakistan a 1999, sojojin Indiya da na Sin kuma sun yi arangama a kwarin Galwan a watan Yunin 2020. Shi ya sa baƙo ke buƙatar takardar izini ta musamman, wadda ake nema ta hannun kamfani mai rajista a Leh, kafin ya je wurare irin su kwarin Nubra da tafkin Pangong. Ɗaukar hoton sansanin soja ko gada na jawo matsala. Wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ko Gana dole ya riƙe katin rigakafin shawara, in ba haka ba a killace shi a filin jirgi har kwana shida.

Ga mutanen wurin, abin da baƙo ke ɗaukar hotonsa wurin ibada ne. A bakin kowane ƙauye akwai fararen gine-gine masu kan tulu da ake kira chorten, da dogayen katangu da aka jera wa duwatsu masu sassaƙen addu'o'insu. Al'adarsu a wuce su ta hagu, su kasance a hannun daman mai tafiya. Ba a hawa kansu, ba a zama a kansu, ba a ɗauke dutse ko ɗaya don tsaraba. A gompa ana cire takalmi da hular rana, ana rufe kafaɗu da gwiwoyi, ba a miƙe ƙafa ta fuskar abin bautarsu, ba a taɓa zanen bango. A Alchi ma an hana ɗaukar hoto a ciki. Babu mai tilasta wa baƙo ya rusuna ko ya juya gangar addu'a. Wanda imaninsa bai yarda ya shiga ba, ya tsaya a waje, ba wanda zai ga laifinsa, muddin bai yi izgili ba. Kalmar "jule" ta wadatar a gaisuwa da godiya da ban kwana.

Musulmi ba zai zama baƙon ido ba, domin a ƙidayar 2011 Musulmi sun ɗan fi mabiya Buddha yawa a Ladak baki ɗaya. Kargil garin 'yan Shi'a ne, a Padum akwai Ahlus-Sunna da masallacinsu, babban masallacin kasuwar Leh kuma tun wajen 1666 aka gina shi, bayan yarjejeniya tsakanin Sarki Deldan Namgyal da Aurangzeb na daular Mughal. A Leh ana samun naman halal; a ƙauyuka abincin ganye ya fi kwanciyar rai, kuma shi ne ma ya fi yawa. A kula da chang, wata giyar sha'ir mai kama da kunu a ido, wadda ake miƙa wa baƙo don karramawa. A ce a'a cikin ladabi. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata kudu. Azumi kuwa da hawan irin wannan tsauni ba sa haɗuwa, saboda jiki na buƙatar ruwa lita uku zuwa huɗu a yini.

Ruwan da baƙo ke sha shi ne na gonar mai masaukinsa. Magudanar da ta ratsa ƙauye ita ce rijiyarsu, ba a wanki da sabulu a cikinta, ba a bahaya kusa da ita. Makewayin gidajen busasshe ne: rami a ɗaki na sama, ana zuba shebur guda na ƙasa bayan an gama, a ƙarshen hunturu a kwashe a kai gona taki. Mai son tsarki da ruwa ya tambayi masu gida inda ya dace, kada ya kwarara buta a ramin. Ruwan sha a tafasa shi ko a tace, maimakon sayen robobin da babu inda za a zubar da su, batir da leda kuma a komo da su Leh. Mutanen ƙauyen Stok sun nuna inda sakaci ke kaiwa: bayan cunkoson masu hawa ya ƙazantar da ƙanƙarar da ke ba su ruwan sha, an rufe tsaunin Stok Kangri mai tsayin mita 6,153 ga masu yawo a shekarar 2020.