Mai Dangwala Kaluluwa a Kan Gilashi

Majinyaciya na kwance a ɗakin tiyata, allurar barci ba ta sake ta ba. Likita ya ciro kaluluwa guda daga hammatarta, tambayarsa ɗaya ce: sankarar mama ta iso nan ko ba ta iso ba? Amsar na wajen ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da likitan binciken ƙwayoyin halitta, mutanen da majinyaciyar ba za ta taɓa ganin fuskarsu ba.

Ma'aikacin zai tsaga kaluluwar gida biyu, ya ɗan tsane jinin, sai ya dangwala fuskar yankan a kan gilashi, kamar mai dangwala yatsa a takardar zaɓe. Dangwalawa ce a ɗaga, ba gogawa ba. In hannu ya yi nauyi ƙwayoyin su fashe, in ya ja su miƙe kamar zare, aiki ya ɓaci. A nan ake gane gwani. Wani gilashin ya tsoma shi cikin sinadarin alkohol tun bai bushe ba, wani ya bar shi ya sha iska kafin ya zuba masa rinin Giemsa. Cikin 'yan mintuna an ɗora shi a ƙarƙashin madubin likita.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Likitoci biyu, Dudgeon da Patrick, suka bayyana ta a Landan a shekarar 1927.

Abin da ke burge ni shi ne yawan labarin da tabo guda ke bayarwa. Sankarar Hodgkin tana da ƙatuwar ƙwaya mai kama da idanun mujiya. Sankarar Burkitt, wadda aka fara bayyanawa a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ƙwayoyinta cike suke da 'yan ƙananan kumfa, kuma a dangwale suka fi fitowa sarai. In kaluluwar wuya ce ake zargin tarin fuka, rinin Ziehl-Neelsen zai nuna ƙwayoyin cutar jajaye.

Sana'ar ta san iyakarta. Tana nuna ƙwayoyi, ba ta nuna yadda suke jere a cikin naman, don haka dole a kai ragowar kaluluwar a daskarar da ita cikin kakin farafin, a yanka, a jira kwanaki. Amma a asibitin da ba shi da injin ƙanƙarar da nama, ko wutar da za ta riƙe shi, gilashi da rini da hannu mai sauƙi sun isa a aika wa likitan tiyata amsa kafin ya ɗinke.